Ruwan Maijego da Agogon Zafi

Cikin dukan ranakun da na yi ina tuƙi, wadda ban taɓa mantawa da ita ba ita ce ranar da agogon zafin motata ya nuna ja, alhali ina ɗauke da mutumin da jini ke zuba daga ƙafarsa. Da bazara ne, 'yan shekaru kafin Turawa su miƙa mulki. A lokacin ni direba ne mai daraja ta biyu a sashen gina rijiyoyi. An ajiye ni a Karaye da mota guda, ina kai wa mahaƙa siminti da tsakuwa da ƙarafan zubi a ƙauyukan Karaye da na Rogo.

Ga waɗanda ba su tarar da tsarin ba, direba mai daraja ta biyu shi ne wanda ya ci jarrabawar tuƙi da ta ƙananan gyare-gyare. Yana iya canza fanbel, ya wanke filogi, ya yi facin taya, amma ba shi da iznin buɗe kan inji. Wannan aikin fita ne, wato babban makanikin garejinmu na birni. Namu sunansa Baba Audu, tsohon soja ne wanda ya koyo gyaran mota a wurin yaƙi, kuma a hannunsa na yi koyo kafin a ba ni makulli. Dokarsa, wadda Baturen injiniya ya sa wa hannu, gajera ce: da zarar tsinken agogon zafi ya taɓa ja, a kashe inji. Wanda ya ƙona inji ya ajiye makulli. Ba mugunta ba ce. Sabon inji sai an aiko da shi daga ƙetare, kuma kafin ya iso rani ya wuce, aikin rijiyoyin shekarar ya tsaya.

Motar tsohuwa ce ta soja da aka sayar bayan yaƙi, mahaƙa suna kiranta Tsohuwa. Agogon zafinta ba irin naku na yanzu ba ne mai waya da lantarki. Wani ɗan kan tagulla ne kamar ɗan yatsa, an ɗaure shi a kan inji yana cikin ruwa. Daga jikinsa wani siririn bututu, kaurinsa bai fi na karan ciyawa ba, ya ratso ya shigo bayan agogon. A cikin bututun akwai wani ruwan magani mai saurin zama tururi. In ruwan inji ya yi zafi, tururin ya tura tsinke sama. Fuskar agogon fara ce, sai ja a can ƙarshe, kuma farkon jan shi ne daidai inda ruwa ke tafasa.

Ran nan na kwana a wani ƙauye na ƙasar Ruwan Bago, inda na kai siminti jiya da yamma. Da bazara mahaƙa kan sauka rijiya da sassafe, kafin zafi ya cika ramin. Barau, shugabansu, yana can ƙasa, sai ƙugiya ta zame, bokitin ƙasa ya faɗo masa a ƙauri. Da aka fito da shi ƙashi a waje yake. Ƙanensa Mati, wanda shi ma mahaƙi ne, ya kwance rawaninsa ya ɗaure masa cinya. Aka kira maɗorin garin, ya duba, ya ce karaya dai zai iya, amma wannan jinin ya fi ƙarfinsa. Malamin ɗakin shan magani mafi kusa yana Karaye, likita mai fiɗa kuwa sai Kano. Muka shimfiɗa buhuna a bayan mota, muka kwantar da Barau, muka kafa masa zana don inuwa, Mati ya zauna a gefensa, na tayar.

Hanyar ta jakuna ce, ba ta mota ba. Mun shigo ƙasar Beli ke nan, wurin tsallake wani busasshen rafi, ƙafar gaba ta daki dutsen da yashi ya rufe. Motar ta yi sama ta dawo, Barau ya yi ƙara. Hankalina na kan sitiyari har muka hau tudu. Da na sauke ido kan agogo, sai na ga tsinke, wanda ɗazu yake tsakiyar fari, ya shige cikin ja. Na gangara gindin wata ɗorawa kusa da wasu gidaje, na kashe inji.

Mati ya buga rufin da hannu. "Direba, lafiya? Me ya tsayar da mu?"

"Agogo ya ce inji ya yi zafi."

"Agogo ya ce? To ka tambaye shi ko ya leƙo ya ga jinin nan."

Na ce masa, "Saurara, Mati. In gaskiya ya faɗa na ci gaba, inji zai kama a tsakiyar daji, kuma ka san babu wata mota da za ta biyo nan sai ran kasuwa. A kan jaki za mu ɗauki Barau. In kuwa ƙarya yake, jira ba zai amfane mu da komai ba. Ka ba ni ɗan lokaci in san wanne ne."

Ya koma yana kore wa wansa ƙuda.

Na ɗaga bonet na bi abubuwa bi da bi, yadda Baba Audu ya koya mana. Injin da ya tafasa da gaske yakan sanar da kansa: tururi na fita ta bututun lagireto, ana jin warin ƙonannen mai, kuma kafin nan direba yakan ji ƙarfin mota ya ragu. Babu ko ɗaya. Na danna fanbel, a ɗaure yake. Na duba tiyo na sama da na ƙasa, babu yoyo. Na zaro sandar mai, baƙi ne kamar kullum, bai yi farin da ke nuna ruwa ya shiga ba. Na sa tsumma na buɗe murfin lagireto a hankali, ruwa a cike. Na tayar da inji na leƙa, na ga ruwan yana motsi, wato famfo na aiki, na sake kashewa. Na tofa yawu a kan inji, ya tsaya ya bushe a hankali, bai yi rawa ba.

Duk wannan ya nuna agogo ne mai laifi. Zafin inji hawa yake yi sannu a hankali, ba ya tsalle, kuma na fi zaton dukan dutsen nan ne ya gusar da wani abu a cikin agogon. Amma zato ne, don ban ga lokacin da tsinken ya motsa ba. Ban da haka, ko da na tabbata ƙarya yake, matsalar ba ta ƙare ba. A gabanmu akwai yashi mai yawa da za a bi da ƙaramar giya, rana kuma sai ƙara ɗagawa take, Tsohuwa kuwa takan tafasa da gaske a irin wannan wuri. Tafiya har Kano ba agogo, tafiya ce da ido rufe. Abin da nake bukata shi ne in san inda tafasa ta koma a fuskar agogon, kuma hanya ɗaya ce: a ciro kan tagullan a tsoma shi cikin ruwan da ke tafasa. Ina da garwar ruwa guda, amma ta hanya ce, kuma kafin in nemo tukunya da itace in hura wuta ruwa ya tafasa, Allah kaɗai ya san abin da zai rage a jikin Barau.

Ina cikin wannan sai ga wani dattijo da fartanya a kafaɗa, ya fito daga sharar gona. Shi ne mai unguwar wurin, Malam Ilu.

"Salamu alaikum. Sannunku da hanya. Lafiya dai?"

"Wa alaikumus salam, Baba. Da sauƙi dai. Mai rauni muka ɗauko."

Ya leƙa bayan motar, ya yi salati. "Sannu, bawan Allah. Allah ya sa kaffara ne." Ya juyo gare ni. "Me kuke bukata?"

"Ruwa, Baba. Mota ce ta nuna zafi."

Ban ƙarasa ba ya wuce gida da sauri. Ya dawo da ƙwarya cike da ruwan randa mai sanyi, ya ce, "Ga na mutane. Na motar ma yana zuwa, na ce a zaɓo wanda ya fi sanyi."

"Allah ya saka da alheri, Baba, amma ba mai sanyi nake nema ba. Tafasasshe nake so."

Ya dube ni, ya dubi Mati. "Ɗan nan, ni ban san mota ba, amma na yi jinyar masu zazzaɓi. Wa ya taɓa kwara wa mai zafin jiki tafasasshen ruwa?"

Na nuna masa agogon ta taga. Na ce ba motar zan ba ba, wannan abin zan gwada. Ruwan da ke tafasa zafinsa ɗaya ne a kowane gida, kuma na san inda ya kamata tsinken ya tsaya in ya ji shi. In ya tsaya a wani wuri dabam, na kama shi.

"Af, na gane," in ji shi. "Shaida ne, za ka sa shi ya yi rantsuwa."

"Haka ne, Baba. Ga hayaƙi can ina gani a gidanka. Ba a ɗora komai ba?"

Nan fuskarsa ta canza. Ya sunkuyar da kai yana zana ƙasa da bakin fartanya.

"Akwai wuta," ya ce.

"To, alhamdu lillahi. A taimaka mana."

"Amma ba ta tuwo ba ce."

"Ko ta mece ce, Baba, in dai da ruwa a kai."

"Ta mata ce." Ya ƙara sunkuyawa.

Ni da hankalina ke kan tsinke, na buɗe baki zan sake matsa masa, sai Mati ya miƙo hannu daga bayan mota ya ja mini riga. Ya ce a hankali, "Direba, dubi ganyen da aka tara a bakin zaure. Gidan jego ne. Yadda kuwa ya duƙar da kai haka, 'yar fari ce ta zo wankan gida. Ko yanka shi za a yi ba zai faɗa ba."

Sai na ga abin da ke gabana tun ɗazu. Ruwan wankan maijego ne a kan wuta, wanda ake tafasa mata safe da yamma har ta yi arba'in. Ba abin da namiji baƙo zai roƙa ba ne, balle a wurin uban da ko sunan 'yar ba ya kamawa. Na ce, "A gafarce ni, Baba, ban lura ba."

Ya kalli saman ɗorawa kamar da ita yake magana. "Bari in kira muku mai wutar."

Mai wutar yayarsa ce, wata tsohuwa gajera mai ƙarfin murya, ita ce ungozomar unguwar, kowa na ce mata Iya. Ta fito hannunta duk toka, ta tsaya ta auna ni daga hula har takalmi.

"Kai ne mai son ruwan? Matarka ce ta haihu, ko motar?"

"Iya, ina kwana."

"Kwana lafiya. Na ce wa ya haihu?"

Mati ya ce, "Iya, motar ma Tsohuwa sunanta."

"Tsohuwa da jego! Allah ya sawwaƙe mana, mu da muka daina tuni." Sai ta ɗaure fuska. "Ka ji, ɗan birni. Ruwan nan ba a fita da shi waje. Ban san ka ba, ban san abin da za ka haɗa da shi ba. Yarinyar nan jikinta ɗanye ne. In wanka ya ragu sanyi ya shige ta, kai kana Kano kana shan shayi, ni za a tambaya."

Gaskiyarta ce a wurinta. A daidai nan Barau ya yi nishi. Iya ta taka taya ta leƙa. Ta daɗe tana kallon ƙafar da buhunan da suka jiƙe. Ta tsoma hannu a ƙwaryar ruwan sanyi ta shafa masa a leɓe.

"Sannu, ɗan nan. Kana da iyali?"

Da kyar ya ce, "Akwai, Iya. Har da na goye."

Ta sauko, ta shige gida. Dangar gidan ta kara ce, muna jin muryoyin mata suna gardama ƙasa-ƙasa. Wata na cewa ba a taɓa yi ba, wata na cewa a jira mijin. Can sai wata siririyar murya ta fito sarai daga ɗaki: "Iya, ki kai musu. Ni na jira."

Malam Ilu ya juya baya yana gyara ƙotar fartanyarsa, wadda babu abin da ya same ta.

Iya ta fito da ƙaramar tukunya, wata mata na biye da ita da kasko cike da garwashi, don na ce sai ruwan yana tafasa a gaban idona. Ta ce, "Ni zan riƙe abina. In na ga ka fara wani surkulle, a kanka zan juye."

Na sa aka ajiye kaskon a gefen da babu kafireto, saboda fetur, muka ɗora shi kan buhun tsakuwa don ya kai tsayin da bututun zai iso. Cire kan tagullan nan shi ne wuri mai hatsari. In mutum ya juya noti bututun ya murɗe tare da shi, zai tsage, maganin ya fita, za a ji wari irin na ɗakin fiɗa, agogo kuwa ya mutu ke nan. Na riƙe bututun da hannun hagu, na sa sifana da dama, ina kwancewa kaɗan-kaɗan. Ya fito lafiya. Na riga na feƙe wani ɗan itace don toshe ramin da ya bari a jikin inji, na cusa shi, na ɗauko kan tagullan na tsoma a tukunyar Iya, ban bar shi ya taɓa gindinta ba. Na ce wa Malam Ilu ya riƙe haka, na zagaya na leƙa agogo.

Tsinken ya tashi, ya iso farkon ja inda ya kamata ya tsaya, bai tsaya ba. Ya ratsa jan duka, ya fita ta ɗaya gefen, ya tsaya daf da bakin gilashi. Na jira in ga ko zai ƙara, bai ƙara ba. Na ce a ciro a tsoma cikin ƙwaryar ruwan sanyi. Ya sauko, amma bai koma gindinsa ba, ya tsaya can sama da inda yakan kwana. Wato tsinken lafiyarsa ƙalau wajen hawa da sauka, gusawa kawai ya yi gaba ɗaya. Jan da ya tsayar da mu ba komai ba ne illa zafin da inji ke aiki da shi kullum.

"Ya rantse?" in ji Malam Ilu.

"Ya rantse, Baba, an kuma kama shi. Amma zai yi mana amfani."

Muka sake tsomawa a tafasasshen don in sa alama a sabon wurin. Na shafa aljihu, babu abin rubutu. Na lakato giris, ya ƙi zama layi a kan gilashi. Iya ta yi tsaki, ta kwance bakin zanenta, ta ciro guntun allin da take shafawa a yatsa in tana kaɗi. "Ungo. Ka jiƙa da yawu. Maza da mota guda, ba ku da ko alli." Na ja farin layi daidai bakin tsinken.

Ina jan layin ne na ji Mati ya yi ihu. Itacen da na toshe ramin da shi ya fice, ruwan inji na tsiyaya ƙasa. Na ruga na mayar da kan tagullan na ɗaure, amma kafin nan ruwa mai yawa ya bi yashi. Na leƙa lagireto, ban ga ruwa ba. Yanzu in na juye garwata, ba ni da na hanya. Kuma ruwan sanyi a kan inji mai zafi yana iya tsaga shi, sai an jira ya huce. Ruwan da za a iya zubawa nan take ba fargaba shi ne mai zafi.

Ban roƙa ba, kunya ba ta bar ni ba. Iya ce ta karanta fuskata.

"Me kuma? Ba ta ƙoshi ba?"

"Ruwanta ne ya zube, Iya. Mai zafi take so."

Ta dubi danga, ta dubi bayan mota, ta ɗauki tukunyarta ta koma. Ta dawo da ita cike, na tace da tsumma mai tsabta na zuba. Ta koma, ta sake dawowa. A zuwa na gaba tana haki ta ce, "Wannan cikinta ba shi da gindi ne? Ka faɗa mata babbar tukunyar ta kusa ƙarewa." Da ruwa ya taso bakin lagireto na rufe, na tayar, na duba gindin kan tagullan, babu ɗigo.

Na fara godiya, Malam Ilu ya katse ni. "Ku tafi, ɗan nan. Godiya ba ta zubar da jini, tana iya jira."

Iya ta daki madigadi da tafin hannu. "Ke kuma, tunda kin sha na jego, saura ki kai shi lafiya."

Haka na yi tuƙin da ban taɓa yin irinsa ba, tsinke a cikin ja, idona a kan farin layi. A yashin da ke gaban Karaye, rana ta take, mota na ƙaramar giya, sai na ga tsinken ya fara hawa a hankali, ya bar ja yana neman alli. Wannan karon hawan gaskiya ne. Na tsaya na juya hancin motar wajen iska, na bar inji na aiki a hankali, na yayyafa wa lagireto ruwan garwa, na ƙara masa kaɗan-kaɗan. Tsinke ya koma. Da na zubar da garwar a can baya, ko da na tafi ba alama, a nan tafiyarmu za ta ƙare.

Muka shiga Karaye ta Unguwar Hajji. Malamin ɗakin shan magani ya canza ɗaurin, ya yi wa Barau allura, ya ce kada mu zauna, ya kuma hau bayan motar da kansa. Da la'asar muka isa asibitin birni, aka wuce da Barau ɗakin fiɗa yana numfashi.

Washegari na kai Tsohuwa gareji. Ka'ida ce direba ya faɗi duk abin da ya faru a hanya kafin fita ya taɓa mota. Na tsaya gaban Baba Audu na ce, "Baba, na karya dokarka. Daga ƙasar Beli har nan a cikin ja na zo."

Bai ɗaga kai ba. "Ajiye makulli a kan benci." Na ajiye. Ya je ya leƙa cikin motar, ya daɗe. "Wannan farin fa?"

Na kwashe duka na faɗa masa. Ya sa aka kawo butar shayinsa tana tafasa, ya ciro kan tagullan ya tsoma. Tsinke ya je ya tsaya a kan allin Iya, bai gota ba. Ya cire gilashin, ya nuna mini yadda tsinken ya zame a kan ɗan ƙarfen da yake juyawa a kai. Ya zare shi, ya mayar da shi daidai farkon ja alhali kan tagullan na cikin butar, ya danne.

"Wa ya koya maka wannan gwajin?"

"Kai ne, Baba."

"Na koya maka da garwashi a gindin inji mai fetur?"

"Ta gefen da babu kafireto na sa."

"Ta gefen da babu kafireto! Da ka tashi da ungozoma da mai unguwa, wa zan ce ya aike ka?" Ya ɗauki makullin ya jefo mini. "Kuma itacen toshi ɗanye ake feƙewa, busasshe ba ya kamawa. Je ka wanke ta." Da ya kai maganar gaban Baturen injiniya, tambaya ɗaya Baturen ya yi, ko mutumin ya rayu. Aka ce ya rayu. Ya ce to, a bar maganar ja.

Sai da damina ta sauka aka sallami Barau. Ba a yanke ƙafar ba, amma ta sandare, sauka rijiya ya ƙare masa. Aka bar shi a bakin rami yana duba aikin wasu. Bai tuna komai na hanyar ba, ni na ba shi labari, ya ce lallai in kai shi. Da kaka muka biya ta unguwar. Malam Ilu ya shimfiɗa mana tabarma, aka daɗe ana gaisuwa, ya tambayi ƙafa, muka tambayi mutanen gida ba tare da mun ware kowa ba, ya ce duk lafiya. A cikin hira ne wani maƙwabcinsa ya faɗi abin da ba mu sani ba. Unguwar ba ta da rijiya. Da bazara mata kan tafi can cikin rafin da muka tsallake su tona yashi, su jira ruwa ya taru, su kwaso da ƙoƙo. Ruwan da Tsohuwa ta sha tun asuba aka fara tara shi, kuma ran nan sai bayan azahar maijego ta yi wankan safe.

Barau ya dogara sandarsa ya tashi, ya zagaya bayan gidajen yana ɗingishi, yana duban itatuwa da launin ƙasa. Ya tsaya a wani wuri ya soka sandar. Ba shi ke raba rijiyoyi ba, amma daga ran nan ya hana dagaci sakat, ya hana malaman hakimi sakat, har aka sa unguwar cikin aikin rani mai zuwa. Ni na kai simintin. Shi ya zauna a bakin ramin tun daga fartanyar farko har aka ga ruwa.

Ku da kuke tuƙi yanzu, motocinku cike suke da agogo da fitilu, kuma ina jin wasunku suna cewa kada a kula su, wasu kuma da sun ga ja sai su yar da mota su tafi. Duka biyun ba aiki ba ne. Agogo yana faɗin abin da ya ji ne, yana kuma iya gusawa, kuma ko ya gusa ba a yar da shi, nemo abin da ba ya gusawa ake yi a gwada shi a kai. Wannan Baba Audu ya koya mini a gareji. Abin da bai iya koya mini a gareji ba shi ne, ranar da kake bukatar abin gwajin, sau da yawa ba ya cikin akwatin kayan aikinka, yana hannun mutanen da ke bakin hanya, kuma ya fi tsada a wurinsu fiye da yadda za su bari ka sani. Saboda haka in kun tsaya a ƙauye ku yi sallama da kyau, ku dubi bakin zaure kafin ku buɗe baki.

Maijegon nan ban taɓa ganin fuskarta ba, ban kuma san sunanta ba, tunda ubanta ba ya faɗa, ni kuwa ba ni da hurumin tambaya. Muryarta kaɗai na ji ta bayan danga. Amma duk sa'ad da nake yi wa waɗanda suka taimake ni a aikin nan addu'a, nakan fara da Baba Audu, in bi da ita.